Yadda ake koyon waƙar jazz ɗaya a jita har ta zauna

Makaɗan jazz suna da tarin waƙoƙin da kusan kowa ya haddace, yawancinsu daga wasannin dandamali na Broadway da finafinan Amurka na tsakanin 1920 da 1950. Su ne ke sa mutum huɗu da ba su taɓa haɗuwa ba su hau dandamali su yi kiɗa tare ba tare da gwaji ba. Mai jita da ke son shiga wannan sahu ya ɗauki guda ɗaya tak ya cinye ta. Wadda aka fi farawa da ita ita ce Autumn Leaves, da Joseph Kosma ya tsara a Faransa a 1945. A kan jita ta fi sauƙi a E minor, ko da yake masu busa sun fi son G minor, kamar yadda Cannonball Adderley da Miles Davis suka yi ta a 1958. Fara da E, daga baya ka matsar da komai firet uku gaba (firet su ne ƙarafunan da suka rarraba wuyan jita).

Kafin ka taɓa jita, saurare ta har ka iya rera karin da baki. Sannan ka ƙirga tsarinta. Gaɓa ɗaya bugu huɗu ce, waƙar kuma gaɓa 32 ce, kashi huɗu na takwas-takwas: na farko, maimaicinsa, sai biyu da suka bambanta. A gudun bugu 120 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 64 ne. Inda masu koyo suka fi ɓacewa shi ne maimaicin nan: mutum ya gama takwas na biyu ya ɗauka na farko ne, ya sake komawa, alhali sauran sun wuce. Maganinsa ka riƙa rera karin a zuci ko da kana solo, wato kana ƙirƙirar naka karin nan take.

Kod, wato sautukan da ake kaɗawa tare, na takwas ɗin farko su ne Am7, D7, Gmaj7, Cmaj7, F#m7b5, B7, sai Em gaɓa biyu. Ka ajiye kod masu tsirkiya shida da ka saba da su, sauti uku sun isa: tushe (sautin da kod ya ɗauki sunansa), sai na uku da na bakwai idan aka ƙirga daga shi. Tsirkiya ta shida ita ce mafi kauri.

Am7: ta shida, ta huɗu da ta uku, duk a firet 5.
D7: ta biyar a 5, ta huɗu a 4, ta uku a 5.
Gmaj7: ta shida a 3, ta huɗu da ta uku a 4.
Cmaj7: ta biyar a 3, ta huɗu a 2, ta uku a 4.
F#m7b5: ta shida, ta huɗu da ta uku a 2, ka ƙara ta biyu a 1.
B7: ta biyar a 2, ta huɗu a 1, ta uku a 2.
Em: ta shida da ta uku a sake (ba a danna su), ta huɗu a 2.

Yanzu dubi tsirkiya ta huɗu da ta uku kawai. Daga Am7 zuwa D7, G ta sauko F#, C tana nan. Daga D7 zuwa Gmaj7, C ta sauko B, F# tana nan. Haka suke karɓa-karɓa har B7, ɗaya ta zauna ɗaya ta sauko. Waɗannan sautuka biyu su ne ke gaya wa kunne cewa kod ya canza, kuma nan ne ya kamata ka daɗe. Ka yi ta kaɗa su kaɗai, ba tushe, har ka ji waƙar na tafiya. Ranar da kake tare da mai bes (abin kiɗa mai tsirkiya da ke ba da sauti mai kauri) haka za ka yi dama, domin idan ka danna tushe a tsirkiya mai kauri kun yi karo, sautin ya dagule. Tsirkiyar da aka tsallake kuma a kashe ta da cikin yatsa, in ba haka ba A a sake za ta yi ta kuka a ƙarƙashin Gmaj7.

Sai lokaci, wanda ya fi kod muhimmanci. Sa metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, a 60, ka ɗauki kowane ƙas a matsayin bugu na 2 da na 4, kamar yadda mai ganga ke taka faifansa. Kwanakin farko kunnenka zai riƙa juya shi ya koma 1 da 3. Ka tsaya, ka ƙirga da baki, ka sake shiga. Kaɗa sau huɗu a gaɓa, duk ƙasa, kana sassauta yatsun hagu bayan kowane bugu don sautin ya gajarce. Wannan shi ne aikin da mai jita Freddie Green ya yi a ƙungiyar Count Basie daga 1937 har rasuwarsa a 1987, kuma da wuya a ji shi yana solo. Ƙananan sautuka kuwa, wato biyu a bugu ɗaya, a kan ja na farko a gajarta na biyu, kusan biyu bisa ɗaya idan ana tafiya a hankali, amma da gudu ya ƙaru sai su kusan daidaita. Wanda ya cika ja, kiɗansa zai riƙa ɗingishi.

Solo a nan yana da tarko. Kusan duk waƙar tana cikin sikelin G major, wato jerin sautukansa bakwai, don haka mai koyo sai ya yi ta hawa da sauka a cikinsa yana ganin ya iya. Ba kuskure yake yi ba, amma ba a jin kod a abin da yake kaɗawa. Ka lura da karin kansa: E, F#, G, sai ya sauka kan C, wato na ukun Am7. Jimla ta biyu ta sauka kan B, na ukun Gmaj7, ta uku kan A, ta huɗu kan G. Kosma ya riga ya nuna hanya. Don haka zagayen farko ka kaɗa na ukun kowane kod kawai, sauti ɗaya a gaɓa. Zagaye na biyu ka shigo masa daga firet ɗaya ƙasa. A kan B7 kada ka manta D#, domin ba ya cikin sikelin, kuma shi ne ke ja zuwa Em. Wanda ya kaɗa D a nan a bugun farko, masu kunne sun gane bai san inda yake ba.

Masu busa dole su numfasa, mai jita kuwa babu abin da ke tsayar da shi, shi ya sa solon jita ke yawan zama surutu. Ka rera abin da kake kaɗawa, numfashi ya ƙare ka ɗaga hannu. A ganinmu nan ne ake gane jazz mai kyau: lokaci ya zauna, ana jin kod ko da babu mai raka, kuma makaɗin yana amsa abin da na kusa da shi ya faɗa. Kayan aiki ba su ne ba. Wes Montgomery da babban yatsa yake kaɗawa, Django Reinhardt kuwa yatsu biyu na hagu yake solo da su bayan gobarar 1928. Tsirkiya mai santsi mai kaurin lamba 12 da rage kaifin sauti a jikin jita suna taimakawa, iyakarsu ke nan.

In ka je inda ake haɗuwa a yi kiɗa, tsarin shi ne kari sau ɗaya, solo bi da bi, musayar gaɓa huɗu-huɗu da mai ganga, sannan a koma kari. Tambayi maɓallin, wato ko E minor ne ko G minor, kafin a ƙirga. Idan akwai mai fiyano, ku yi magana tun farko wa zai raka wane solo, don kod biyu a lokaci guda takura mai solo suke yi. Zagaye biyu sun ishe ka, kuma tun a gaɓa ta 30 ka ɗaga kai ka dubi wanda zai karɓa.