Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe a darasin ƙarfi da motsi

Yaro zai haddace dokokin motsi na Newton guda uku, ya karanto su ba gargada. Amma ka tambaye shi me ya sa baron masara a kasuwar Sabon Gari ke tsayawa da zarar mai turawa ya sake shi, sai ya ce ƙarfin ne ya ƙare. Wannan kuskuren ne ya fi damuna, domin sauran daga gare shi suke tsirowa. Gogayyar taya da ƙasa ce ta tsayar da baron. Da babu ita, da ya ci gaba da tafiya a miƙe, gudunsa bai ragu ba. Aikin ƙarfi shi ne ya canza gudu ko alkibla, kamar yadda Newton ya bayyana tun 1687. Shi ya sa idan mai adaidaita sahu ya taka birki a Kwangila kake kifawa gaba. Ba wanda ya tura ka, jikinka ne ya ci gaba da tafiyarsa.

Maganin wannan zane ne. Kafin ka fara lissafi, zana abin, ka sa kibiya ga kowane ƙarfi, ka faɗi wa ke turawa ko ja. Kibiyar da ba ka san mai ita ba, goge ta.

Sai doka ta uku, wadda ta ce idan abu ya tura wani, wancan ma yana tura shi da ƙarfi daidai. Idan tirela ta yi karo da ƙaramar mota a hanyar Kaduna, ɗalibai kan ce tirelar ta fi bugawa. Ƙarfin iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Ƙaramar ce ke wahala saboda ba ta da jiki, gudunta ke canzawa farat ɗaya. Kuma ƙarfin biyun ba sa soke juna, tunda kowanne a kan mota daban yake aiki.

Masu cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa, iska ce ke ruɗar su. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira tare.

A jarrabawar WAEC kuwa, ma'auni ke cinye maki. Buhu mai kilo 50 nauyinsa a ma'aunin ƙarfi newton 490 ne, wato 50 sau 9.8 na jan ƙasa, ko 500 idan an ce a yi aiki da 10 maimakon 9.8. Gudun kilomita 72 a awa, raba shi da 3.6 ya zama mita 20 a daƙiƙa kafin ka sa shi a lissafi.