Yadda nake tsara kwana biyu a Iskandariya in muna tare da abokai

Wanda ya zo Alƙahira, ko karatu ne ya kawo shi, ko rakiyar mara lafiya, ko sarin kaya, in ya samu sararin kwana biyu, shawarata ita ce ya tattara abokansa su gangara Iskandariya su ga Bahar Rum. Garin ba nisa, kimanin kilomita 220 ne, kuma iskarsa kaɗai ta isa ta wanke wa mutum hayaƙin Alƙahira daga ƙirji. Sai dai yawon abokai ba kasafai gari ke ɓata shi ba. Kuɗi ne da ƙafa: wane ya biya wane bai biya ba, wane yana son a ƙara gaba wane ya gaji. In an kashe waɗannan biyun tun a gida, saura duk mai sauƙi ne.

Ku fara da naɗa ma'aji. Kowa ya zuba kaso ɗaya a hannunsa kafin a tashi, daga nan za a riƙa biyan mota, tikitin shiga, masauki da abincin da aka ci tare. Tsaraba da kwaɗayin kan hanya kuwa kowa da aljihunsa. Kada a ba wa mai alkunya wannan aiki, a nemi wanda zai iya cewa "Malam, sauran naka" ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya kasance yana da katin banki mai aiki a Masar, domin wuraren tarihi da yawa sun koma karɓar kuɗi da kati. Baƙo kuma farashinsa ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, amma ɗalibi mai katin makaranta yana samun ragi, saboda haka 'yan Azhar kada a bar kati a ɗaki. Fasfo ma a ɗauko, masauki ba zai karɓe ku babu shi ba. Game da yawan mutane, ni huɗu na fi so, don tasi ɗaya ke kwashe su. Da zarar an kai biyar an shiga neman mota biyu, an shiga "kuna ina, mun iso".

Lokaci ma a duba shi. Daga Yuni zuwa Agusta kamar duk Alƙahira ce ke kwararowa bakin teku, masauki ya yi tsada, titi ya cushe. Tsakiyar hunturu kuma akwai guguwar ruwan da mutanen garin ke kira nawwa, wadda kan sa igiyar teku ta haye har kan titi. Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba, su ne daidai. Ku kauce wa sa ziyarar babban ɗakin karatun garin a ranar Juma'a.

Jirgin ƙasa ya fi, daga tashar Ramsis. Ku sayi tikitin mai sanyi na sassafe, na zuwa da na dawowa a lokaci guda, tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa uku ta cikin gonakin da kogin Nilu ke shayarwa. A Iskandariya tasha biyu ce: Sidi Gabir ta farko, sai Mahaɗɗat Misr inda layin ya ƙare. Kada ku ga jama'a sun miƙe a Sidi Gabir ku bi su. Ku zauna sai ta ƙarshe, ita ce ke tsakiyar tsohon gari.

Garin a miƙe yake a bakin ruwa, siriri, tsawonsa ya ninka faɗinsa sau da yawa, kuma titin gaɓar tekun da ake kira Kornish shi ya ɗinke shi daga ganuwar Ƙaitbai a yamma har lambun Muntaza a gabas. Wannan shi ya sa nake raba kwanakin biyu da taswira: ranar farko yamma, rana ta biyu gabas. Wanda ya cakuɗa su zai ƙare yawonsa a cikin cunkoso yana kallon ƙeyar direba. Masauki ku nema kusa da Mahaɗɗat Raml ko dandalin Sa'ad Zaglul. Gine-ginen tsofaffi ne, wasu na'urar hawa benensu sai da bismilla, amma daga nan kusan komai na ranar farko yana kusa. Mutum ɗaya ya hau ya ga ɗakin da banɗakin kafin ma'aji ya ciro kuɗi.

Da fitowa daga tasha, Kom Dikka na nan dab, ƙaramin dandalin kallo na zamanin Rumawa mai matakalan marmara, wanda masu tono daga Poland suka gano a shekarun 1960. Rabin awa ya ishe shi. Ku ajiye jaka a masauki, ku ɗauki tasi, baƙi da rawaya, ko ku kira Uber in ba ku son ciniki, zuwa unguwar Karmuz.

A nan kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom Shuƙafa suke, kuma in da wuri ɗaya zan zaɓa na tarihin kafin Musulunci, shi ne. An ce a 1900 wani jaki ne ya rufta cikin rami aka gano su. Daga sama ba abin kallo, fili ne da ɗan gini. Sai ka fara sauka ta matakala mai zagaye wata rijiya, wadda ta cikinta ake zura gawa da igiya, zafin gari ya yanke, bango ya fara danshi. Hawa uku ne aka sassaƙa cikin dutse a ƙarni na 2 miladiyya. Akwai wani zaure mai dakali uku inda dangin mamaci ke kishingiɗa su ci abinci in sun zo ziyara. A babban kabarin ku duba gunkin nan mai kan dila na tsoffin Misirawa, an sa masa kayan sojan Rum. Abin da garin yake kenan a wancan zamani, Misirawa da Girkawa da Rumawa a cakuɗe tun da Iskandar na Makidoniya ya kafa shi a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa. In akwai mai ciwon gwiwa ko mai tsoron ƙuntataccen wuri a cikinku, a bar shi a sama da jakunkuna, ba abin kunya ba ne. Ginshiƙin Sawari, wanda Turawa ke jingina wa Pompey alhali don sarki Diocletian aka kafa shi, yana kusa, tsawonsa kusan mita 27. Ku gan shi, ku ɗauki hoto, ku wuce.

Azahar ku yi ta a Anfushi, a masallacin Abul Abbas al-Mursi, shehin Shaziliyya da ya fito daga Mursiya ta Andalus ya rasu a nan a ƙarni na 13. Ginin da ake gani yanzu an kammala shi a 1945, kuma Italiyawa ne suka zana shi. Ka ɗaga kai ka dubi ƙubbar daga ciki, ta cancanci wuyan da zai ƙage. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai ƙaramin masallacin Imam Busiri, mai Burda da Hamziyya. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram yana jin ana rera Burda a daren Mauludi, zai ji wani iri in ya ga baitocin a rubuce a jikin bango, ga kuma makwancin mai su. Na sha ganin wanda ya shigo yana raha ya yi tsit.

A nan kuma sai na faɗi wani abu da ya shafe mu. Da wuya a tara abokai huɗu daga gida a ce fahimtarsu ɗaya kan ziyarar makwantan bayin Allah. Ku yanke magana tun a jirgi: mai shiga ya shiga, wanda ba ya shiga ya zauna a dandali ya sha ruwan rake, a haɗu bayan minti ashirin. Muhawarar da malamai ba su gama ba, ba a bakin tekun Masar za ku gama ta ba, abincin rana kawai za ta ɓata muku.

Daga nan da ƙafa za ku bi bakin ruwa, ta gaban masu sassaƙa jiragen katako, zuwa ganuwar Ƙaitbai. Ku je can kafin cin kifi, don wuraren tarihi da wuri ake rufe su. Sultan Ƙaitbai ne ya fara gina ta a 1477, a daidai inda hasumiyar nan mai haska wa jirage hanya ta tsaya, wadda ta haura mita 100 kafin girgizar ƙasa ta rushe ta a ƙarni na 14. Jiragen yaƙin Ingila sun yi wa ganuwar luguden wuta a 1882, daga baya aka gyara. Cikinta kusan fayau ne, ɗakuna da ƙaramin masallaci. Daɗin yana kan katanga, inda iska ke neman cire maka hula, teku ta buɗe ba iyaka a gefe ɗaya, gari ya lanƙwasa a ɗaya gefen. A nan za a yi hoton taro. A ba masu son hoto minti goma sha biyar cif, in ba haka ba akwai wanda zai canza tsayuwa har a kira magariba.

Sai kifi. A gidajen kifin Anfushi ba takardar abinci ake fara miƙo maka ba, gaban tebur mai ƙanƙara za a kai ka, ka nuna da yatsa, a ɗora a sikeli. Mutum biyu su je, ma'aji da wanda ya san kifi. Ku duba ido ya zama garau, ku ɗaga kunnen ku ga ja ne. Ku tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora, ku tambaya ko da kuɗin gashi a ciki, ku kuma tsaya ku ga abin da sikeli ya nuna. Ku ce a yi muku singari: a tsaga kifin a buɗe shi, a shimfiɗa masa tumatir, albasa, tattasai da tafarnuwa, a sa a tanda. Shinkafar da ke raka shi ja ce, da soyayyar albasa ake dafa ta. Ƙananan faranti na taɓe-taɓe za su sauka kafin ku nema, ku tambaya ko kyauta ne. Jatan lande shi ke kumbura lissafi, saboda haka in mutum ɗaya ne ke so, daga aljihunsa. Mai son yaji ya taho da ɗan ƙullinsa daga gida, nasu ba ya kai mana ko'ina.

Da dare a taka Kornish a hankali a koma wajen Manshiyya, dandalin da Jamal Abdul Nasir ya tsaya ranar 26 ga Yuli 1956 ya sanar da ƙwace mashigin Suwez. A bayansa akwai Zanƙat Sittat, lungunan kasuwa masu matsi da ake sayar da gyale, zare, turare da kayan kwalliya, wurin tsarabar uwargida da ƙanne. Wanda yunwa ta sake kamawa ya nemi burodi da hanta irin ta garin, mai kore-koren barkono da lemon tsami. Gargaɗi ɗaya: kada ku tsallaka Kornish da gudu don kun ga 'yan gari suna yi. Motoci ba sa rage gudu. Ku nemi hanyar ƙarƙashin ƙasa ko wurin fitila.

Washegari a karya da ful, dafaffen wake, da falafil, wato ƙosansu, a wuce ɗakin karatu da hantsi. An buɗe shi a 2002 don tunawa da tsohon ɗakin karatun garin na zamanin sarakunan Batlamiyus. Wani kamfanin Norway ne ya zana shi kamar faifai da ya karkata yana fuskantar teku, katangarsa ta dutsen Aswan an sassaƙe ta da haruffan rubuce-rubucen duniya kusan 120. Za a karɓi jakunkunanku a ƙofa. Zauren karatun hawa-hawa ne yana gangarowa, haske na shigowa ta rufi ba tare da rana ta taɓa littafi ba, ga ɗalibai cike suna nazari, don haka a rage murya. Ni ɓangaren tsoffin rubuce-rubucen hannu ne ke riƙe ni, wanda ya yi allo zai so ya ga yadda magabata ke ja da alƙalami. Akwai kuma ɗakin kayan Anwar Sadat, har da kakin da ke jikinsa ranar da aka harbe shi a 1981.

Bayan azahar ku yarda ku rabu. Ba dole ne abokai su ga komai tare ba. Mai son gumaka da tsoffin kuɗi ya tafi gidan tarihin Girkawa da Rumawa da aka sake buɗewa a 2023, mai son littattafan gwanjo ya bi titin Nabi Daniyal ya yi ciniki, mai son barci ya koma ya yi abinsa. A sa wuri da lokaci, kowa wayarsa da caji.

La'asar ta same ku a Muntaza. Ƙananan bas-bas da ake kira mashru suna bin Kornish da araha, ta kan gadar Stanley, sai dai da jaka tasi ya fi. Lambu ne mai faɗi da dabino da itatuwa, da fadar da Sarki Fu'ad ya gina a 1932, ana kallonta daga waje. Wurin shimfiɗa ne da hira, ba wurin gudu ba. In wani ya ce zai shiga ruwa, ku tambaye shi tsakani da Allah ko ya iya iyo, kuma iyon kududdufi ba shi ne na teku ba. Igiyar ƙasa tana ja ko da saman ya yi lumui. A tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kuma inda akwai masu ceto.

Dawowa ta Sidi Gabir za ku yi, ita ta fi kusa da gabas, kuma ku ba hanya awa guda cur don cunkoson yamma. Jirgin ba ya daɗewa a wannan tasha, kowa ya san lambar taragonsa kafin ya iso. Da an zauna, ma'aji ya buɗe takardarsa ya karanta abin da aka kashe, ya raba canjin da ya rage kafin a kai garin Ɗanɗa da ke kan hanya.