Mota ta daina caji: kurakuran da ke sa a sayi batir sau biyu

Da zarar mota ta ƙi tashi da safe, hukuncin da aka fi saurin yankewa a garejojin Katsina shi ne, "Alhaji, batir ya mutu." Sai a sayo sabo, a yi 'yan kwanaki lafiya lau, daga nan a koma neman masu turi. Aikin batir tada inji ne. Da injin ya kama, altaneta ce ke ɗauke da fitilu, esi da ƙwaƙwalwar mota, ita ce kuma ke mayar wa batir abin da aka ci. In ta daina aiki, sabon ma zai bi sawun tsohon.

Mita ce ke raba wannan gardama, irin wadda masu gyaran waya da rediyo ke riƙewa. A ɗora ta kan batir inji a kashe: lafiyayye mai cikakken caji zai nuna bolt 12.6, in 12.2 ne rabi ya tafi. Sai a tada inji. Ya kamata ta hau tsakanin 13.8 da 14.5. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, caji ba ya zuwa. In ta haura 15, katawut, wato abin da ke daidaita ƙarfin cajin altaneta, shi ne ya lalace yana dafa batirin, shi ne za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka ga gefen batir ya kumbura.

Babban abin da ke ba ni takaici shi ne gwajin cire kan batir inji na aiki, wai in mota ta mutu altaneta ce, in ta ci gaba lafiya. An gaji wannan dabara ne tun zamanin Fijo 504, lokacin da motoci ba su da ƙwaƙwalwar da za ta ƙone. Batir ne ke shanye wutar da ta yi tsalle. Ka cire shi, wutar sai ta afka wa ƙwaƙwalwar mota, rediyo da dayod ɗin altanetar kanta, wato 'yan abubuwan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Ga shi kuma gwajin ƙarya yake yi: altaneta mai rauni tana iya riƙe inji a silo, amma da an kunna fitila da esi ta durƙushe. In ka ga mai wayarin ya ɗauko sifana zai kwance kan batir mota na ruri, ka ce, "Malam, dakata, ina mitarka?"

Wasu kuma da mita ta nuna babu caji sai su ce a sauke altaneta. Gaggawar me ake? A fara duba fambel, wato bel ɗin da ke juya altanetar. Wanda ya saki ko ya yi santsi yana zamewa, shi ne ƙarar nan "tsiii" da kake ji da asuba in an taka totur. A duba kan batir: farar gasarar nan mai kore-kore da ke taruwa a jiki tana tare wuta, ruwan zafi da ɗan kanwa da buroshi sun ishe ta. A bi wayar da ke ɗaure batir da jikin mota da inji, a ga ko ta ci tsatsa. A leƙa babban fis. Duk waɗannan kuɗinsu bai kai na cefanen yini ba.

Fitilar batir da ke kan dashbod ma ana raina ta. Dole ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. A tsofaffin motoci irin Golf ɗin da ke jigilar Katsina zuwa Daura, ta layin fitilar nan altaneta ke samun wutar fara aiki, saboda haka ƙwan da ya ƙone ko wayar da ta tsinke na iya hana caji alhali altanetar garau take.

Masu Honda Accord da Civic su lura. Ƙwaƙwalwar motar tana rage caji da gangan in ba a kunna komai ba, mita ta nuna 12 da ɗoriya. A kunna fitilu da fankar esi a sake aunawa, in ta hau 14 babu abin da ya same ta.

Akwai kuma motar da ke caji da rana, ta kwana ta wayi gari ba wuta. Sau da yawa dayod ɗaya ne ya fashe yana tsotse batir ta cikin altaneta. A cire babbar wayar altanetar da dare, a naɗe bakinta da tef, in da safe mota ta tashi an kama ɓarawon.

Ko an tabbatar altaneta ce, ba lallai a sayo 'yar Beljiyam sukutum ba, wadda ba ka san irin wuyar da ta sha ba. Galibi kabon da ke gogar abin da ke juyawa a cikinta ne ya cinye, ko katawut ya lalace, kuma ana canja su daban. Bayan gyara, a kai batirin wurin masu caji ya cika tukuna. Barin altaneta ta cika matacce a kan hanya yana gasa ta, musamman a zafin Afrilu. In batirin mai murfi ne a duba ruwansa, a ƙara ruwan batir zalla, ba asid ba, ba na famfo ba.