Kurakuran da ake yi a darasin zane a firamare

Wanda ya fi yawa a makarantunmu na karkara shi ne malam ya ɗauki alli ya zana gida a allo, rufi mai tsini, taga biyu, har da bututun hayaƙi, ya ce kowa ya kwafa. To don Allah yaron Gwaram ko Ƙiru a ina ya taɓa ganin gida mai bututun hayaƙi? Sai ka tattara littattafai duk gida ɗaya ne, ba ka gane na wane da na wance ba. Ajiye allin nan malam, ka ce kowa ya zana tsakar gidansu yadda ya baro shi da safe, nan za ka sha mamaki, wani zai kawo rumbu da turken akuya, wata turmi da murhu da ƙanwarta goye a baya, ɗan masunta na Haɗeja ya zano gora da koma, ɗan ruga kuma ƙwaryar nono da sanda.

Sai jan biro. Yaro ya zana kakarsa ta fi bishiyar kuka tsayi, ka zabga masa kuros wai ba daidai ba, alhali ita ke riƙonsa, a idonsa kuwa haka take. Kafin ka ba da maki ka durƙusa kusa da bencinsa ka ce, wace ce wannan, me take yi? Bayanin da zai yi maka ya fi zanen daraja.

Maganar babu kayan aiki kuwa ni ban cika yarda da ita ba. Gawayi na nan, jar ƙasa, farar ƙasa, bula, lalle, bayan tsohuwar kalanda da kwalin taliya, ga yumɓu a bakin kududdufi. Zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ba da fensir mai kala aka yi shi ba.

Akwai iyayen da ba sa son a zana mai rai, kuma ja-in-ja da su ɓata lokaci ne, ƙarshe ma a hana yaron taɓa fensir. Ka kauce kawai. Yaro ya rubuta sunansa da boko ko ajami ya kewaye shi da ado irin na allon zayyana da ake yi wa mai sauka, ko ya kwaikwayi saƙar faifan gidansu, ko aikin hular babansa, ko dagi.

A kuma yi hattara da cewa kowa ya zana babansa da mamarsa, a aji da wuya a rasa maraya ko wanda aka saki uwarsa, za ka ga ya kifa kai ya ƙi taɓa takarda. Ka ce su zana waɗanda suke cin tuwo tare da daddare.