Darasi na Bakwai: Yadda Ake Nemo Sana'ar da Ta Dace da Unguwarka

Mutane da yawa idan suka samu ɗan jari, kwasar adashi ko kuɗin amfanin gona, sai su duba abin da maƙwabci yake sayarwa su ma su kafa irinsa. Shi ya sa za ka shiga layi ɗaya ka tarar da gida biyar na sayar da awara, babu ko ɗaya mai sayar da gawayi. Masu saye ba su ƙaru ba, masu sayarwa ne suka ƙaru, sai kowa ya rage kuɗi har ribar ta ɓace. Wannan darasi zai nuna yadda ake tattaro dabarun sana'a da yawa, a tace su, sannan a gwada ɗaya kafin a zuba mata kuɗi.

Fara da sauraron koken mutane

Nemi littafin rubutu da biro. Kwana bakwai, duk inda ka ji wani yana kukan rashin wani abu, rubuta. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya yi kalma ɗaya ko biyu, ya isa. Ka kasa kunne a bakin rijiyar burtsatse, da tasha, da ƙofar asibiti, da bakin makaranta lokacin tashi. Mata su saurara a gidan biki da gidan suna da Islamiyya, domin nan ake jin abin da ke damun cikin gida.

Irin maganganun da ake nema su ne: "sai na hau babur kafin in sami injin markaɗe", "wayata ta mutu tun jiya, babu wuta", "yara sun tafi makaranta ba su karya ba", "telan nan ya riƙe mini ɗinki wata guda". Kowace magana irin wannan tana nuna kuɗin da wani yake shirye ya biya. Idan ka ji koke ɗaya daga bakin mutum uku waɗanda ba su san juna ba, ja masa layi a ƙasa.

Akwai wurare biyu kuma da ya kamata a leƙa. Na farko abin da yake araha a garinku amma yake tsada a wani wuri ko a wani lokaci. Tumatir na zubewa a lokacin noman rani a wurare irin su Kura da Kadawa, har kwando ya ruɓe a bakin titi, sannan da damina ya yi tsada. Mai yanka shi ya shanya ya adana kauɗa yana da abin sayarwa lokacin da ɗanye ya gagari talaka. Haka kuɓewa da tattasai da zogale. Na biyu kuwa kalandar shekara ce: ƙanƙara da garin kunu da azumi, lalle da kitso da ɗinki gab da Sallah, gawayi da wasa wuƙa da Babbar Sallah, rigar makaranta a watan Satumba, man shafawa da kayan sanyi da hunturu.

Zaman tattara dabaru

Bayan kwana bakwai ku haɗu mutum huɗu zuwa shida, kowa da littafinsa. Idan kun wuce haka, mutum biyu ne za su kwashe maganar. A zaɓi mai rubutu ɗaya, a ba zaman rabin awa, a sa burin rubuta dabara ashirin. Doka ɗaya ce: ba a kushe dabarar kowa a wannan zaman, ba a yi mata dariya. Dalili shi ne, da zarar an gwale mutum sau ɗaya ya yi shiru ke nan, kuma sau da yawa mai shirun ne ya fi sanin unguwa. Dabaru biyar na farko kusan kullum waɗanda kowa ya sani ne. Masu amfani sukan fito bayan an wuce ta goma, lokacin da aka fara cewa "to, in aka haɗa wannan da wancan fa?" Misali, mai cajin waya ya haɗa da sayar da kati da igiyar caji. Mai ƙosai ta haɗa da kai wa ma'aikata koko a fulas har ofis.

Tacewa

Yanzu lokacin kushe ya yi. A ɗauki dabarun ɗaya bayan ɗaya. Wa zai saya, kuma sau nawa a mako? In ba ka iya kiran sunan mutum goma da za su saya ba, ajiye ta. Abin da ake saye kullum, irin su yaji da sabulu da itacen girki, ya fi abin da ake saye sau ɗaya a shekara sauƙin farawa. Ina za ka samo kayan? Hatsi a Dawanau ya fi araha, yadi a Kantin Kwari, kayan masarufi a Singa, amma ga wanda yake nesa da Kano kuɗin mota na iya cinye bambancin, don haka kasuwar ƙauye mai ci mako-mako ta fi masa.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce ta lalacewa. Kunun aya ba ya kwana in babu sanyi, tsami yake yi. Ƙuli-ƙuli da daddawa da garin kuka kuwa suna jira har mai saye ya zo. Wanda ba shi da firji, ko yake unguwar da wuta ba ta zama, mun fi ba shi shawara ya fara da busasshen kaya. Shi ma yana da nasa sharaɗi: kauɗar da ba ta bushe sarai ba fumfuna take yi a cikin buhu, wadda aka shanya a ƙasa kuma yashi ke kashe mata kasuwa. A shanya a kan tabarma ko rumfa, a riƙa juyawa, kada a ƙulle sai ta bushe ƙayau.

A ƙarshen tacewa kada a bar fiye da dabara uku.

Lissafi kafin gwaji

Ga misali da zoɓo. Kuɗaɗen na koyon lissafi ne kawai, kowa ya cike da farashin kasuwarsu na yau. A ce zoɓo ya ci naira 1,500, sukari 2,000, citta da kanumfari 700, robobi arba'in 1,600, ƙanƙara 1,000, itace da ruwa 700. Jimilla 7,500. In aka sayar da duka arba'in a kan 250, an samu 10,000, riba 2,500. Amma duba nan da kyau: sai an sayar da roba talatin kafin uwar kuɗi ta dawo. Ranar da aka yi hadari roba takwas suka yi kwantai, ribar ta koma 500, kuma ba a sa ladan wahalarki ba, ba a cire wanda yara suka sha ba. Duk sana'ar da za ki shiga, ki san wannan adadi: guda nawa zan sayar kafin in fita daga asara?

Gwaji

Kada ka zuba jarinka duka. Ware kashi ɗaya cikin biyar, ka yi kaɗan, ka fitar mako biyu. Kada ka auna da yabon 'yan uwa, domin kara za ta sa su ce ya yi daɗi. Ma'auni shi ne baƙon da ya biya kuɗi, ya kuma dawo. A lokacin gwaji ba a ba da bashi ko na sisi, saboda bashi yana ɓoye gaskiya: za ka ga kaya sun ƙare ka ɗauka kasuwa ce, alhali kuɗin ba su shigo ba. Kuɗin sana'a kuma a ware musu gwangwani ko asusu daban da na cefane. Kowane dare a rubuta abu uku: nawa aka yi, nawa aka sayar, me masu saye suka ce.

Idan gwajin ya yi kyau har kana son kai abinci ko sabulu ko man shafawa manyan kantuna cikin leda mai suna, a Najeriya sai da rajistar hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, sunan kasuwanci kuma ana yi masa rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni. Wannan mataki ne na gaba, ba na makon farko ba.

Aikin gida

Ka zo aji mako mai zuwa da koke goma da ka ji da kunnenka, da wurin da ka ji kowanne. Ka zaɓi ɗaya, ka je kasuwa ka tambayo farashin kayan haɗinsa, ka lissafo guda nawa za ka sayar kafin uwar kuɗinka ta dawo.