Idan zuciya ta fara zaginki

'Yan uwa mata, muryar nan da ke ce miki "ba ki iya komai ba" da tsakar dare, kada ki haɗiye ta. Kakanninmu a nan Katsina a waƙar niƙa da ta daka suke juye baƙin cikinsu, su yi ta habaici har zuciya ta yi sanyi. Ni ma haka nake yi: in rubuta abin da take faɗa mini, in sa masa kari, in rera ina wanke-wanke. Wallahi da na ji shi a bakina sai nauyinsa ya ragu. Amma ki rage sauraron waƙoƙin kuka ke kaɗai da dare. In ƙunci da rashin barci sun kai mako 2, don Allah ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya ki ga likita.