Yadda zaka kula da tsoho mai ciwon da ya ƙi tafiya, na cikin gida da na bakin titi

Ciwon da ya wuce wata 3 yana cin mutum, ko yana lafawa yana dawowa, likitoci basa kallonsa kamar ciwon kwana biyu da za'a sha magani a manta. A jikin tsofaffi yafi zama a gwiwa da ƙugu da baya da kafaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum wajen miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda guringuntsin gaɓa ke cinyewa har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, kashi 73 cikin ɗari ɗinsu sun haura shekara 55, kuma mata sunfi yawa. Wannan amosani kaɗai kenan, ba'a zo kan ciwon baya da na jijiya ba.

Kafin maganar magani, ka fara yarda da abinda ya faɗa maka. Sau nawa muke cewa "haba Baba ai tsufa ne", ko "Kaka kin cika raki", shikenan mun rufe maganar, shi kuma tsohon daga ranar ya daina faɗa, in ka tambaya yace da sauƙi alhali dare baya runtsawa. Tsufa yana zuwa da rauni gaskiya ne, amma ciwon da ke hana barci yana da dalili kuma yawanci ana iya rage shi. To ka daina tambayar "ya jiki" kawai, dan amsarta ɗaya ce. Kace Baba nuna min wajen da yatsa. Da safe yafi tsanani ko da dare? Suka yake yi, ko nauyi, ko zafi kamar wuta? Wannan tambaya ta ƙarshe tanada muhimmanci sosai, saboda zafin wuta da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa yawanci ciwon jijiya ne, masu ciwon suga sunfi samunsa, kuma maganin ciwo na yau da kullum bai cika yi masa komai ba, maganinsa daban ne likita ke rubutawa. In kuma gigin tsufa ya kama shi har baya iya bayani, sai ka lura da fuskarsa in ana ɗaga shi, ko yana kare wani waje da hannu, ko ya daina cin abinci, ko ya koma yawan faɗa ba dalili.

Akwai alamun da basa jiran gobe. Ciwon baya da yazo da riƙewar fitsari ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko ƙafa ta raunana har ya fara janta a ƙasa. Ciwo tare da zazzaɓi ko rama ba dalili. Gaɓa ɗaya ta kumbura tayi ja tayi zafi lokaci guda. Tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, wannan ƙashin ƙugu ake tsoro. Duk waɗannan asibiti ne a ranar.

Maganar magani kuma nan ne ake yawan cutar da tsofaffi da kyakkyawar niyya. Farasitamol shine mafi sauƙi a jikinsu, amma shima yanada iyaka, babba mai lafiya kar ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 na miligiram 500, tsoho ramamme ko mai matsalar hanta kuwa ƙasa da haka, likita ne zai yanke. Kuma ka duba kwalin maganin mura da yake sha, da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Su ibuprofen da diklofenak suna aiki da sauri shi yasa ake sonsu, amma shan su kullum wata da watanni yana jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini, ga wanda zuciyarsa dama ba lafiya kuma abin yafi muni. In bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, a tsayar da maganin a tafi asibiti. Na shafawa na diklofenak a gwiwa ko a hannu yafi na sha aminci nesa ba kusa ba, dan kaɗan ne ke shiga jini. Tramol da danginsa suna sa jiri da barci da taurin ciki da ruɗewa, jirin kuma shi ke kada tsoho, ga sabo da jiki ke yi da shi. Dan Allah kar ka siyo ƙwayoyin da aka haɗa a leda ba suna, kuma duk ranar ganin likita ka tattara duk abinda yake sha, har wanda ya siya da kansa, ka tafi da su a gani.

Abinda yafi wahalar karɓa shine motsi. Mutum yana jin ciwo kace ya tashi ya taka, sai yaga kamar baka tausayinsa. Amma kwanciya da zaman wuri ɗaya suna cinye naman cinya, gaɓa ta ƙage kamar ƙofar da aka daɗe ba'a buɗe ba, nauyin da naman ya kamata ya ɗauka sai ya koma kan gwiwar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son wanda ya kai 65 ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, da atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana 3, sai dai kar wannan lissafi ya tsorata kowa, a fara da minti 5. Ya zauna a kujera mai ƙarfi ya miƙe ya koma ya zauna, sau biyar, gobe ma haka, bayan sati a ƙara. Ya taka zuwa ƙofa ya dawo. In ciwon ya ɗan ƙaru lokacin motsin amma ya lafa kafin washegari, ba ɓarna ake yi ba, in ya kwana biyu bai sauka ba an zarce, a rage. Kuskuren da suka fi yi shine ranar da suka ji dama-dama sai su kama duk aikin da ya taru, wanki, shara, doguwar tafiya, sai kwana uku a kwance. Gara kaɗan kullum da hutu a tsakani. In da hali a ga likitan gashin ƙashi ya nuna atisayen da ya dace da jikinsa.

Sanda ana riƙe ta ne a hannun da ke kishiyar ƙafar da ke ciwo, gwiwar dama sanda a hagu, kuma mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu in yana tsaye. Mutane da yawa suna riƙewa a baibai. Tawul mai ɗumi yana sassauta gaɓar da ta ƙage, amma mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji kar a gasa masa da ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba. A kawar da igiya da shimfiɗa mai santsi daga hanya, a bar haske da dare tsakanin makwanci da banɗaki. Sannan a zauna da shi a yi hira, dan kaɗaici da rashin barci da damuwa suna ƙara wa ciwo ƙarfi, wannan likitoci sun daɗe da sani, kuma in kaga ya daina sha'awar komai ko yana yawan cewa gara ya huta, a faɗa wa likita.

To duk wannan bayanin na wanda ke da ɗaki ne da katifa da wanda zai tambaye shi. Yanzu ka ɗauki wannan gwiwar da wannan bayan ka ɗora su a kan siminti, ƙarƙashin gada ko gindin rumfa, sanyi na shiga ƙashi, yana yini a tsaye ko a tafe saboda duk inda ya zauna korarsa ake, ba inda zai ajiye magani bare ya tuna lokacin sha. Mu kuma in mun wuce abinda ke fara zuwa ranmu shine mahaukaci ne, ko ɗan ƙwaya ne, ko shi ya jawo wa kansa. Wannan tunanin yana ƙona min rai, saboda hanyar da ke kai dattijo titi sau da yawa gajeriya ce, mai aikin ƙarfi ne baya ya riƙe, aiki ya tsaya, kuɗin haya ya taru, matar da ke rufa asiri ta rasu, shikenan. Wani babban bincike da aka fitar a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2023 ya gano kusan rabin manya marasa muhalli da ke zaune su kaɗai sun kai shekara 50, kuma wajen 4 cikin 10 na waɗannan sai da suka kai 50 ɗin sannan suka fara rasa gida. Mutanen da suka yi rayuwarsu da makulli a aljihu. Kuma titi yana tsufar da jiki da wuri, ɗan 55 zaka same shi da faɗuwa da mantuwa da raunin ɗan 70 da wani abu. Wanda yake shaye-shaye ma, wani ciwon ne da sanyin dare suka tura shi, kuma ko me ya kai shi, gwiwarsa ciwo take kamar ta kowa.

In kana son taimaka masa ka fara da sallama da gaisuwa irin wadda zaka yi wa sa'an mahaifinka, ka rage tsawo, ka tambayi sunansa, kace Baba me yafi damunka yanzu. Kar ka yanke masa abinda yake buƙata, kuma kar ka ɗauke shi hoto. Abinda ke raba jikinsa da ƙasa yafi komai amfani ga mai ciwon gaɓɓai, shimfiɗa mai kauri da bargo, sai safa busasshiya da takalmi daidai ƙafarsa da sanda mai roba a ƙasa, dan ƙafa ita ce jarinsa kuma ƙaramin rauni a ƙafar mai suga yana iya kaiwa ga yankewa. Kar ka bashi ragowar maganin gidanku. Abinda yafi shine ka raka shi asibiti ka tsaya tare da shi a layi, saboda marar galihu in yaje shi kaɗai ba kasafai ake sauraronsa ba, ana ganin ƙwaya yazo nema. Ka taya shi adana katin asibiti da katin shaida a leda mai rufi, ɓatan takardu yana rufe musu ƙofofi da yawa. In yaƙi binka yau kar kayi fushi, ka dawo wani satin, mutumin da aka sha wulaƙantawa baya saurin sakin jiki.

Akwai tsarin da aka fara a birnin Niyok na Amurka a 1992, inda ake fara bawa mutum ɗaki nasa ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya warke ba, sannan magani da sauran taimako su biyo baya. Ƙasar Finlan ta ɗauke shi ya zama tsarinta daga 2008, yawan masu daɗewa ba muhalli ya ragu sosai a can. Kai kaɗai ba zaka gina wa kowa ɗaki ba, amma zaka iya nemo ofishin jin daɗin jama'a ko ƙungiyar da ke wannan aiki a inda kake ka haɗa su da shi, ka kuma bi sawu. Kuma ka duba cikin danginku da maƙwabta, in akwai dattijon da ciwo ya zaunar kuma haya ta fara taruwa a kansa, ku haɗu ku yi magana da mai gidan tun wata na farko ko na biyu, ku raba biyan a tsakaninku kafin takardar tashi ta iso.